A bar filasha a jikin kwamfuta idan za ta yi barci, ko a cire ta tukuna?

Akwai wata ɗabi'a da kusan duk mai kwamfutar tafi-da-gidanka a Sakkwato yake da ita, kuma ba kasafai ake ɗaukarta abin tattaunawa ba. Da zarar an kira salla, ko an ɗauke wuta, ko lokacin shiga aji ya yi, sai mutum ya kife murfin kwamfutarsa ya tashi, alhali filasharsa tana maƙale a gefenta. Mafi yawan lokuta yakan dawo ya tarar da komai yadda ya bar shi, wannan ne ma ya sa ɗabi'ar ta zauna daram. Sai dai ranar da ta ƙi, asarar takan faɗa ne a kan abin da ya fi kowane tsada, kamar kundin kammala karatu da aka yi wata shida ana bugawa, ko lissafin shago na shekara guda, ko hotunan ɗaurin aure da ba za a sake ɗauka ba. Saboda haka na ga ya dace a auna hanyoyin da mutum yake da su, a ga inda kowace ta dace da inda take cutarwa, musamman a gari irin namu inda wuta ba ta da tabbas kuma filasha ɗaya takan shiga kwamfuta uku ko huɗu a yini.

Kafin a yi awo, dole a san abin da ke faruwa a cikin kwamfuta lokacin da aka ce ta yi barci. Tun daga 1996, lokacin da kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar sarrafa wuta da ake kira ACPI, an raba halin da kwamfuta take ciki zuwa matakai masu lamba. S0 shi ne tana farke tana aiki. S3 shi ne barcin da aka saba, inda ake kashe kusan komai, a bar ƙwaƙwalwar wucin-gadi, wato RAM, tana shan 'yar wuta kaɗan don kada ta manta abin da ke cikinta. S4 shi ne dogon barci, wanda masu gyara suke kira haibanet, inda ake kwashe abin da ke cikin RAM a rubuta shi a babban faifan kwamfutar, sa'annan a yanke wuta gaba ɗaya. S5 kuwa shi ne kashewa. Sababbin kwamfutoci da yawa sun daina S3, sun koma wani irin barcin zomo, inda allo yake mutuwa amma injin yana nan a S0 yana aiki a hankali, har yana iya karɓar saƙonni ta intanet. Mai Windows yana iya gane irin barcin da tasa take yi idan ya buga umarnin powercfg /a, domin zai jero masa matakan da na'urarsa ta iya.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne cewa babbar manhajar kwamfuta, wato irin su Windows, ba ta komawa ga filasha duk lokacin da take son sanin abin da ke cikinta. Da an cusa filasha, sai manhajar ta karanta taswirarta, wato jerin fayiloli da inda kowane yake zaune da guraben da babu kowa, ta ajiye kwafin wannan taswira a RAM domin aiki ya yi sauri. Haka kuma idan aka ce ta ajiye fayil, tana iya riƙe wani sashe na rubutun a RAM na ɗan lokaci kafin ta sauke shi. A Linux, alal misali, saitin asali yana barin rubutu ya jira har kusan daƙiƙa 30 kafin a tilasta saukar da shi. To, kwamfutar da ta yi barci da filasha a jikinta ta kwanta ne da wannan taswirar a ka, kuma idan ta farka za ta ci gaba da aiki bisa zaton cewa duniya tana nan yadda ta bar ta. Duk haɗarin da za mu tattauna daga wannan zaton yake fitowa.

Hanya ta farko: a bar ta a jiki a kife murfi

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma adalci ne a faɗi cewa ba ta da muni kamar yadda wasu masu gyara suke kururutawa. Manyan manhajojin nan uku, Windows da Linux da macOS, duk sukan yi ƙoƙarin sauke rubutun da ke jira kafin su kwanta. Idan mutum ya gama ajiye fayil, ya rufe shi, ya kife murfi ya je masallaci ya dawo bayan minti ashirin, kuma babu wanda ya taɓa filashar, da wuya wani abu ya same ta. Ga wanda yake aiki a tebur ɗaya kuma batirinsa yana da lafiya, wannan hanya ta wadatar a gajeren tashi.

Matsalarta tana farawa ne daga wutar da ƙofar USB take samu lokacin barci. Wasu kwamfutoci sukan bar 'yar wuta a ƙofar, wasu kuma sukan yanke ta ɗungurungum, kuma wannan ya danganta ne da wanda ya ƙera na'urar, ba da mai amfani da ita ba. Idan an yanke wutar, to a wajen filasha daidai yake da an zare ta an mayar. Lokacin farkawa sai manhaja ta sake neman ta, kuma idan filashar ta yi jinkirin amsawa, manhajar tana iya yanke hukuncin cewa ta tafi, sa'annan bayan daƙiƙa biyu ta gan ta a matsayin sabuwar baƙuwa. Masu Mac sun san wannan sarai, domin shi ne yake kawo gargaɗin nan da ke cewa ba a cire faifai yadda ya kamata ba, alhali mutum bai taɓa shi ba. Masu Linux kuma sukan ga faifan da ɗazu yake amsa sunan sdb ya koma sdc, tsohon wurin da aka ɗaura shi kuwa ya zama kango, duk manhajar da ta nemi rubutu a can sai ta ci karo da kuskure. A Windows abin yakan bayyana ne a Word, inda takardar da aka buɗe kai-tsaye daga filasha take ƙin ajiyuwa bayan farkawa, saboda igiyar da ta haɗa ta da fayil ɗin ta tsinke tun lokacin barci.

Sai kuma batun batir, wanda a nan garin ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da masu shaguna suke riƙe da su na hannu ne, batirinsu ya riga ya sha aiki a wata ƙasa kafin ya iso gare mu. Barcin S3 yana rayuwa ne da wutar batir, don haka idan batirin ya mutu ba zato, duk abin da ke cikin RAM ya tafi. An tsara Windows ta koma dogon barci idan batir ya kusa ƙarewa, amma tsohon batir yakan nuna saura kashi talatin cikin ɗari sa'annan ya faɗi ƙasa warwas a lokaci ɗaya, kafin manhaja ta ankara. Kwamfutar tebur da ke shagunan buga takardu ta fi shiga wannan hali, tun da ba ta da batir ko kaɗan, kuma tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareto akwai tazarar da ta ishe ta mantawa da komai. Tun zamanin Windows Vista akwai gaurayen barci da aka yi domin irin waɗannan kwamfutoci, wanda yake ajiye kwafi a faifai kuma ya bar RAM a kunne, kuma yana da kyau mai shago ya tabbatar yana aiki a tasa.

Akwai wata illa da ba ta shafi manhaja ba sam. Filashar da ta leƙo daga gefen kwamfuta, aka cusa su tare cikin jaka, aka hau kabu-kabu daga Mabera zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana shan matsi a kowane rami da babur ya faɗa. Ko dai wuyanta ya karye, ko ƙofar USB ta saki, gyaran ƙofar kuwa yakan kai ga taɓa babban allon na'urar. Idan kuma kwamfutar mai barcin zomo ce, tana iya ci gaba da aiki a cikin jakar tana ɗumama, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, wannan ɗumi ba ya yi wa batir ko filasha alheri.

Hanya ta biyu: dogon barci da filasha a jiki

Mutane da yawa suna ganin dogon barci ya fi aminci, kuma ta fuskar wuta suna da gaskiya. Ba ya cin batir, kwamfuta ba ta ɗumi a jaka, kuma ko an yi kwana uku babu wuta, aikin da aka bari yana nan. Ga mai tsohon batir, na fifita shi a kan barcin S3 ba tare da wata tantama ba. Amma ta fuskar filasha, a nan ne tarko mafi muni yake, domin kwamfutar da ke dogon barci ba ta da wata alama da ke bambanta ta da wadda aka kashe. Fitila ba ta ƙyaftawa, fanka ba ta motsi, sai mutum ya saki jiki ya zare filasha ya tafi da ita wani wuri.

Na ga wannan da idona a cikin gidanmu. 'Yar ƙanwata tana shekarar ƙarshe a karatunta, kuma tana buga kundinta kai-tsaye a kan filasha. Wata rana ta kife murfi da takardar a buɗe, kwamfutar ta zarce dogon barci, ita kuma ta zare filashar ta kai wani shagon buga takardu. Mai shagon ya gyara mata gefunan shafuka da lambobinsu, ya ajiye, ya kuma buɗe sabuwar folda ya zuba mata wasu hotunan taswira da ya ɗauka da sikana. Da ta dawo gida sai ta mayar da filashar a ƙofar da ta ciro ta, sa'annan ta kunna kwamfuta. Word ta farka da tsohuwar takardar a gabanta, yarinyar ta ƙara layi biyu ta ajiye, nan take gyaran da ta biya kuɗi aka yi mata ya shafe. Washegari Windows ta nemi a duba filashar, da aka duba kuma sai foldar hotunan ta ɓace, aka sami wata mai suna FOUND.000 cike da gutsattsarin fayiloli marasa suna. Ta zo mini da ita tana hawaye tana cewa, "Kawu, wallahi ban goge komai ba." Na ce mata, "Na yarda da ke, ɗiyata, ba ki goge ba, kwamfutar ce ta yi aiki da tsohon labari." Mun ceto wasu hotunan, sauran kuwa sai da ta koma aka sake ɗauka.

Abin da ya faru a fili yake ga wanda ya riƙe bayanin taswira da muka yi a baya. Kwamfutar ta kwanta tana ganin wasu gurabe a filashar babu kowa a cikinsu, mai shago ya zo ya zuba kaya a waɗannan gurabe, ita kuma da ta farka sai ta yi rubutu bisa tsohuwar taswirarta. Manhajoji suna ƙoƙarin gano ko an canja na'ura lokacin barci, ta hanyar duba lambar maƙera da lambar shaidar na'urar, amma filasha ɗaya ce ta tafi ta dawo, lambobinta ba su canja ba. Masu rubuta zuciyar Linux, wato sashen manhajar da ke sarrafa na'urori, sun faɗi wannan ƙarara a bayanin da suka yi game da tsarinsu na riƙe na'urar USB bayan yankewar wuta. Sun yi gargaɗin cewa idan aka musanya na'ura da wata irinta sak, ko aka canja katin memori a cikin makarancin kati alhali kwamfuta tana barci, manhajar tana iya kasa ganewa, kuma ƙarshen hakan lalacewar bayanai ne. Masu ɗaukar hoto a wuraren biki, waɗanda suke sauya kati bayan kati a makaranci ɗaya, su ne suka fi kusa da wannan haɗari, domin a idon kwamfuta makarancin ne na'urar, katin da ke cikinsa kuwa tana iya ɗaukarsa wanda ta sani ɗazu.

Hanya ta uku: kashe kwamfuta gaba ɗaya

A da, wannan ita ce amsar da ba ta da gardama, domin kashewa tana rufe kowane fayil, ta sauke kowane rubutu, ta saki kowane faifai. Amma tun daga Windows 8 a 2012, Microsoft ta shigo da tsarin saurin tashi, kuma a kwamfutoci da yawa yana kunne tun daga masana'anta. A ƙarƙashinsa, idan ka danna kashewa, Windows tana rufe manhajojinka ta fitar da kai, sa'annan ta sa zuciyar manhajar a dogon barci a cikin fayil ɗin hiberfil.sys, domin ta tashi da sauri gobe. Ma'ana, rabin kashewa ne rabin barci. Fayilolinka dai an rufe su, wannan kuwa ya rage haɗari sosai, amma ga babban faifan waje mai tsarin NTFS, wato tsarin faifai na Windows, da aka bari a jone, akwai sauran abin tsoro idan aka kai shi wata kwamfuta aka yi rubutu aka dawo da shi kafin a kunna. Masu kwamfuta ɗaya da ke ɗauke da Windows da Linux tare sun san wannan, domin Linux takan ƙi buɗe ɓangaren Windows don rubutu idan ta ga alamar an bar shi cikin dogon barci. Wanda yake son cikakkiyar kashewa sai ya danne maɓallin Shift lokacin da yake danna kashewa, ko ya kashe saurin tashi daga saitin wuta. Sake kunnawa, wato ristat, ma cikakkiya ce, ba ta bin ta wannan gajeriyar hanya.

Aibin kashewa sananne ne, wato ɓata lokaci da rasa inda aka tsaya, kuma tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa tana iya cin minti biyu ko uku kafin ta dawo hayyacinta.

Hanya ta huɗu: a sallami filasha tukuna, sa'annan a yi barci

Wannan ita ce nake bi, kuma ita nake koya wa duk wanda ya tambaye ni. Sallamar filasha, wato abin da ake kira ijet, ba al'ada ce kawai ta masu tsoro ba, aiki uku take yi a lokaci ɗaya. Tana tilasta sauke duk rubutun da ke jira, tana share alamar nan da manhaja take sa wa faifai don nuna cewa ana cikin aiki a kansa, kuma tana sa kwamfuta ta zubar da taswirar da ta riƙe a RAM. Bayan haka, ko kwamfutar ta yi barcin S3, ko na zomo, ko dogo, ko batirinta ya mutu, babu ruwan filasha. Idan aka sake cusa ta, za a karanta taswirarta sabuwa fil, da duk abin da wani ya ƙara a wani shago.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Idan ka nemi sallama Windows ta ƙi, ta ce ana amfani da na'urar, to ta sanar da kai ke nan cewa akwai fayil a buɗe ko kwafin da bai ƙare ba, kuma gara ka ji wannan labari yanzu da ka ji shi gobe a gaban malamin da ke duba aikinka. Kuɗin da hanyar take ci bai wuce daƙiƙa biyar ba, sai kuma wahalar rufe takardar da kake aiki a kai. Wannan wahala ma tana gushewa idan mutum ya daina aiki kai-tsaye a kan filasha. Word ba ta rubutu a kan tsohon fayil kai-tsaye lokacin ajiyewa, takan rubuta sabon fayil na wucin-gadi a folda ɗaya, ta kawar da tsohon, sa'annan ta ba sabon sunansa, kuma idan haɗin ya yanke a tsakiyar waɗannan matakai mutum yana iya rasa duka biyun. Ya fi aminci a kwafo takarda zuwa faifan kwamfuta, a yi aiki a can, a mayar da kwafi kan filasha idan an gama. Ta haka kullum akwai kwafi biyu, kuma barci ba ya tarar da komai a buɗe.

Saiti da tsarin faifai suna canja lissafin

Wani zai ce ai Windows ta daina buƙatar sallama. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Daga fitowar Windows 10 mai lamba 1809, Microsoft ta mayar da saitin asali na faifan waje zuwa tsarin cirewa cikin sauri, wanda ba ya tara rubutu a RAM, maimakon tsarin ƙarin sauri da yake tarawa. Da wannan saiti, idan sandar kwafi ta cika to rubutun ya sauka, kuma zare filasha a kwamfutar da take farke ba ya cika yin ɓarna. Sai dai saitin ya magance rabin matsalar ne kawai, wato rubutun da bai sauka ba. Bai taɓa ɗaya rabin ba, wato tsohuwar taswira da buɗaɗɗun fayiloli da kwamfuta ta kwanta da su. Haka kuma ita kanta filasha tana da ɗan ƙaramin injin sarrafawa a cikinta da yake jujjuya bayanai tsakanin gurabe, kuma yanke mata wuta tana tsakiyar wannan aiki yana iya rikita ta, musamman masu arha da ake sayarwa a faranti a bakin kasuwa, waɗanda wasunsu ma girman da aka rubuta a jikinsu ƙarya ne. Shawarata ita ce a bar filasha a tsarin cirewa cikin sauri, kada a mayar da ita tsarin ƙarin sauri sai ga faifan da ke zaune a tebur ɗaya kuma kwamfutar tana jone da UPS ko inbata.

Tsarin da aka tsara faifai da shi ma yana da tasiri a kan girman ɓarnar idan an yi rashin sa'a. FAT32, wanda ya fito a 1996, kusan kowace na'ura tana karanta shi, daga firinta zuwa talabijin zuwa rediyon mota, amma ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, kuma ba shi da littafin da yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata. Idan wuta ta yanke tsakanin gyara jerin sunaye da gyara taswirar gurabe, sai a sami fayil marar suna ko suna marar fayil, irin gutsattsarin da chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, yake tarawa a FOUND.000. Tsarin exFAT na 2006 ya cire iyakar girman fayil, shi ne kuma ake sa wa katunan memori da suka haura gigabait 32, kuma tun 2019 ya shiga zuciyar Linux, don haka yanzu manyan manhajojin uku duk suna rubutu a kansa. Amma shi ma ba shi da wannan littafi, saboda haka rauninsa a gaban yankewar wuta kusan ɗaya ne da na magabacinsa. NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yana da littafin, kuma yakan gyara tsarinsa da kansa bayan yankewa, ko da yake littafin yana kare ƙashin ginin ne, ba ya lamunce abin da ke cikin fayil ɗin da ake rubutawa. Sa'annan Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Tsarin ext4 na Linux shi ma yana da littafi, amma ba shi da amfani ga filashar da za ta je shagon buga takardu, tun da Windows ɗin da ke can ba za ta gane shi ba.

Babban faifan waje mai juyawa yana da nasa hali na daban. Yana buƙatar wuta mai yawa lokacin da zai fara juyi, alhali ƙofar USB 2.0 ba ta alkawarta wutar da ta fi miliamfiya 500 ba, ta USB 3.0 kuma 900. Lokacin farkawa daga barci, faifan yakan ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya kai cikakken juyinsa, kuma idan waya ta tsufa ko ƙurar hunturu ta cika ƙofar, sai ka ji yana ƙwas-ƙwas yana kasa tashi, manhaja kuma ta ɗauka an cire shi. Ga irin wannan faifai, sallama kafin barci tana da ƙarin amfani, domin tana ba shi dama ya janye allurarsa ya tsaya cak kafin a ɗaga shi. Wanda kuma ya kulle faifansa da BitLocker, manhajar kulle faifai ta Windows, ya sani cewa muddin bai sallame shi ba, mabuɗin yana nan a RAM lokacin barcin S3, kuma duk wanda ya iya shiga kwamfutar zai tarar da faifan a buɗe.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: shin faifan zai bar jikin wannan kwamfuta kafin ta farka? Ma'aikacin ofis mai faifan ajiya da ba ya motsi, mai tsarin NTFS, ga kuma inbata, yana iya barinsa a jone ya yi barcin S3 ko dogon barci, muddin ya rufe fayilolinsa. Ɗalibi ko ɗan kasuwa mai filashar da ke yawo tsakanin gida da makaranta da shago ya tsara ta da exFAT, ko FAT32 idan tsohuwar firinta ce za ta karanta ta, ya bar ta a tsarin cirewa cikin sauri, ya sallame ta kafin ya kife murfi, sa'annan ya zaɓi dogon barci saboda batirinsa. Mai ɗaukar hoto kada ya sauya kati sai kwamfuta tana farke kuma ya sallami na farko. Wanda kuma ya riga ya yi kuskure, ya zare filasha daga kwamfuta mai barci har ya yi amfani da ita a wani wuri, to kada ya mayar da ita kafin ya kunna. Ya tayar da kwamfutar tukuna babu filashar, ya bari ta gane cewa ta tafi, ya rufe duk takardar da ya buɗe daga cikinta ko ya ajiye ta da sabon suna a faifan kwamfuta, sa'annan ya cusa filashar a karanta ta daga farko.